Zan kafa katako a gefen lambun bayan gida: yaya zan gyara ƙasar tukuna?

Baban Sadiya (gefen Ringim):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasa da katako. A bayan gidanmu akwai ɗan fili, taku goma sha biyar a tsaye, takwas a kwance, inda mahaifiyata take shuka alayyafo da yakuwa da rama, da sanyi kuma salak da albasa. Filin yana da ɗan gangare zuwa katangar gabas. Duk shekara in ruwan Agusta ya sauka sai ya share kunyoyin, ya kwashe takin da muka tara tun bazara ya jibge a gindin katanga. A 2022 da aka yi ambaliya a Jigawa ruwa bai shigo mana ɗaki ba, alhamdu lillahi, amma lambun sai da ya koma sumul kamar ba a taɓa sa masa fartanya ba. Bana kuma na dawo daga gona na tarar da tsohuwa a durƙushe tana ɗibar ƙasa da tasa tana mayarwa gindin yakuwarta. Abin ya tsaya mini a rai.

Na ga a bidiyo yadda mutanen Ingila suke jera manyan katakai irin na layin dogo a gefen shuka don su riƙe ƙasa. Shi nake so in yi mata. Tambayata: kafin katako ya sauka, me ake yi wa ƙasar? Zurfin rami nawa, me ake zubawa a ciki, kuma yaya zan yi da gara?

Malam Magini (Gaya):
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka kamar yadda ka tausaya wa mahaifiya. Kafin in ce komai, amsa mini wannan: ina indararon ɗakunanku yake zuba?

Baban Sadiya:
Malam, biyu suna zuba tsakar gida, ɗaya kuma, na ɗakin tsohuwa, yana zuba ta baya, daidai saman lambun.

Malam Magini:
To ga ɓarawon takinka nan. Ruwan da ke sauka kai tsaye a kan fili taku goma sha biyar ba shi da ƙarfin da zai share kunya haka. Ruwan rufi ne yake taruwa wuri guda ya sauko da gudu. Ko ƙarfe ka jera, in ba ka kauda wannan ruwan ba, zai haƙe ƙarƙashinsa ya wuce. Aikin farko shi ne ka ja magudana daga bakin indararon, ta bi gefen lambu ta fita ta rariyar katanga. Inda ruwan yake dira ka zuba fasassun bulo ko duwatsu don ya karya masa ƙarfi. Kuma in katangar gabas ɗin ta ƙasa ce, wannan ruwan da ke kwanciya a gindinta ya fi lambun haɗari, don haka katangu suke zubewa cikin dare a watan Agusta.

Bayan wannan sai awo. Ka kafa fegi a kusurwa huɗu, ka ja igiya. Don kusurwa ta fita daidai, auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5 to ta zauna. Sannan ka nemi siririn tiyon nan fari da ake ganin ruwa a cikinsa, ka cika shi, kai ka riƙe baki ɗaya a fegin sama, yaro ya riƙe ɗaya a fegin ƙasa. Inda ruwa ya tsaya a kowane ɓangare ka yi alama. Ido yana yaudara a kan gangare, ruwa kuwa ba ya yi. Da wannan za ka san ainihin yawan saukar filinka. In ta wuce kamu ɗaya, kada ka yi dogon fangali guda, raba shi hawa biyu ko uku kamar matakala, kowane hawa a kwance yake.

Ɗan Auta (Bichi):
Yaya, me zai hana ka yi da bulo kawai? Layi biyu na bulo da siminti, an gama, gara sai dai ta kalla.

Baban Sadiya:
Na yi wannan tunanin ƙanena. Filin na gado ne, ba a raba ba. In na sa siminti za a ce na fara gini. Katako kuwa ko gobe aka ce a ɗauke, sai a ɗauke.

Baba Tsohon Ma'aikaci (Malam Madori):
Ɗana, bari in yi magana a kan katakon layin dogo da ka ambata, don mahaifina a reluwe ya yi aiki, ni ma na ɗan taɓa. Layin Kano zuwa Nguru da ya ratsa ta Ringim ɗinku da Gagarawa da nan garinmu da Birniwa, a 1930 aka gama shi, shi ya yi ta jigilar gyaɗa da shanu. Mafi yawan abin da na sani a ƙarƙashin wannan layi ƙarfe ne. Katako sai a kan gadoji da wajen canjin layi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa na kankare ne. Saboda haka duk wanda ya kawo maka katako ya ce na jirgi ne yana sayarwa da araha, ka tambayi kanka daga ina ya ciro. Kayan gwamnati ne, ana kama mutane a kansu, kuma cire su yana iya kifar da jirgi da rayuka a ciki. Kada son kyautata wa uwa ya kai ka ga sayen kayan sata.

Na biyu, ko da halal ka samu, waɗannan katakai an jiƙa su da wani baƙin mai mai warin kwalta. Da rana ta buɗe a watan Afrilu sai ka ga yana tsatsafowa, in ka dafa ya manne maka a hannu, wani har fatarsa ta yi ƙuna. Ban yarda a sa wannan kusa da ganyen miya ba.

Malamin Gona (Haɗeja):
Baba ya faɗi gaskiya. Sunan man kiriyosot, daga kwal ake samunsa, kuma yana cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji. A ƙasashen Turai tun 2003 aka hana sayar da shi ga mutanen gida. Waɗanda Baban Sadiya ya gani a bidiyo yawancinsu sababbin katakai ne da aka yanka da siffar na jirgi, tsawon mita 2.4, faɗi santimita 20, kauri santimita 10. Su can babban abokin gabarsu danshi ne da ruɓewa. Mu namu gara ce, sai ruwa mai yawa cikin wata uku, sai fari na wata bakwai ko takwas. Dabararsu ta haƙa rami a zuba tsakuwa a ƙarƙashin katako za mu iya ɗauka, amma zaɓin itace dole ya zama namu.

Kafinta (Wudil):
Tunda an zo kan itace, nan ne wajena. Kada ka je 'Yan Katako na Na'ibawa ka ce a ba ka mai araha. Farin katakon nan mara nauyi da muke yin silin da shi, in ya taɓa ƙasa damina ɗaya ba zai gani ba. Malaina ma ba na ba da shawararta a ƙasa. In da hali, maɗaci ko loko, jan cikin, ba farin gefen ba. Ko a itace mai ƙarfi, farin da ke kusa da ɓawo shi gara take fara ci.

Amma ni a ganina, mutumin ƙauye ba ya buƙatar zuwa Kano. Azarar giginya da ta ƙosa, baƙar nan mai nauyi, tana shekaru a rufin soro gara ba ta yi mata komai ba. Nemi gidan da aka rushe tsohon soro ana sa kwano, za ka samu. Aibinta ba ta da faɗi kuma ba ta miƙe sosai ba, sai ka ɗora biyu ko uku. Turakun da za su riƙe ta kuma, ƙirya. Duk wanda ya taɓa ganin taɓaryar ƙirya ya san abin da nake nufi. Sai dai ta yi wuya yanzu, masu gawayi sun cinye ta, kuma kada ka sare ɗanya ba izini ka haɗu da malaman daji. Busasshen reshe ko marke ya isa.

Kafin ka binne, ka babbake ɓangaren da zai shiga ƙasa har ya yi baƙi, kamar yadda ake yi wa dirkar rumfa. Sannan ka shafe da baƙin mai na wajen bakanike, ka bar shi kwana biyu a rana.

Malamin Gona:
Maigida Kafinta, na yarda da babbaka, ban yarda da baƙin mai ba. A dirkar rumfa ko ƙofar shago wannan wata magana ce. Nan kuwa wajen abinci ne, kullum ana ban ruwa, saiwar alayyafo tana manne da katakon. Man da ya fito daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, ruwa zai riƙa wanke shi cikin ƙasar da jikokin Hajiya za su ci daga gare ta. In kuma akwai rijiya a gidan, to abin ya ƙara muni, don ƙasar jigawa ba ta riƙe komai, zarcewa yake.

Kafinta:
Malam, shekara ashirin ina shafawa, ban ji wanda ya kwanta ba. In ba a shafa ba kuma gara ta ci, mai aiki ni zai zaga.

Malamin Gona:
Irin wannan cutar ba ta kwantar da mutum a ranar, shi ya sa ba a danganta ta da shi. Ga abin da zai raba mu: a babbake, sannan a lulluɓe fuskar katakon ta ciki da baƙar leda mai kauri, a buga da ƙananan ƙusoshi, don jiƙaƙƙiyar ƙasa kada ta jingina da itacen. Amma kada ledar ta naɗe ta ƙarƙashi, in ta naɗe ta zama kwano, ruwa ya kwanta, katakon ya ruɓe daga ƙasa.

Kafinta:
Ledar na karɓa. Maganar mai kuwa kowa ya riƙe nasa, amma tunda lambun uwarsa ne, ya bi naka.

Inna Mai Zogale (Kura):
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina da tambaya ga Baban Sadiya, don na ga maza sun tafi kan itace sun bar mai lambun. Wa yake ɗebo ruwan ban ruwa da rani, kuma daga ina?

Baban Sadiya:
Inna, yara ne suke turo jarkoki a kura daga famfon unguwa, wani lokacin ita da kanta take ja a rijiya.

Inna Mai Zogale:
To ɗana ka saurare ni. Mu nan Kura da Kadawa da ruwan Tiga muke noman rani, duk da haka fangali muke yi, ƙasa-ƙasa, da ɗan gefe kewaye, don ruwa ya kwanta ya shiga. Wanda ka gani a bidiyo tudu suke yi, saboda ƙasarsu kullum a jiƙe take, so suke ruwa ya tsane. In ka cika wa Hajiya akwatin katako da ƙasa har baki a wannan rairayin naku, iskar hunturu za ta busar da shi kafin azahar. Jarka biyu da take zubawa za ta koma huɗu. Ka rage mata wahalar damina ka ƙara mata ta rani. Na yi wannan kuskuren da buhunan da na shuka tumatir a ciki, safe da yamma ina ban ruwa, ranar da na je suna na kwana na dawo na tarar duk sun langaɓe.

Malam Magini:
Inna ta kawo magana mai nauyi. Amma in ya yi ƙasa-ƙasa kuma, da damina ruwa zai kwanta, yakuwa da rama za su jure, alayyafo kuwa zai ruɓe.

Inna Mai Zogale:
Shi ya sa ban ce ya haƙa rijiya ba. Katakon ya leƙo sama da kamu ɗaya, ƙasar ciki kuma ta tsaya daidai da ta waje ko ta ɗara ta da yatsa biyu. Sauran sararin na ruwa ne da ciyawar rufi. A gefen gangare ya bar 'yar kafa tsakanin katako biyu, da rani a toshe da tsumma da laka, da damina a buɗe. Kuma faɗin kowane fangali kada ya wuce inda hannunta zai kai tsakiya daga kowane gefe, ƙafa huɗu ya isa. Tsohuwa ba za ta riƙa tsallaka katako da bokiti ba. Hanyar tsakani ma a bar ta da faɗi, yadda za ta ajiye kujerar tsugunno ta zauna ta yi cira.

Baban Sadiya:
Wallahi Inna ban kawo wannan a raina ba ko kaɗan. Allah ya saka da alheri. Malam Magini, saura ramin.

Malam Magini:
Ramin ba zurfi yake so ba, daidaito yake so. Bi igiyarka ka yanka da shebur. Faɗinsa ya ɗara kaurin katakon da yatsa uku kowane gefe. Zurfi kuwa, lissafa kashi ɗaya cikin uku na katakon zai nutse, ka ƙara inci 2 ko 3 na tsakuwa. Ƙasar sama mai taki ka ware ta gefe guda, ita za ta koma cikin fangali, kada ka haɗa ta da jar ƙasar ƙasa.

In ka gama haƙa, yayyafa ruwa ka daɓe gindin da madaɓi ko gindin taɓarya har sai ka taka sawunka bai fito ba. Nan ne mutane suke ha'inci, su zuba tsakuwa a kan ƙasa mai laushi, ruwan farko katako ya nutse gefe guda ya buɗe baki. Bayan daɓe ka zuba tsakuwa ko burji, ka sake daɓewa, ka sake gwadawa da tiyo. Kada ka zuba kankare a ƙarƙashi, yana riƙe ruwa a jikin itace, ga shi kuma ka ce ba ka son abin da zai zama gini.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yanzu da ruwa ya ɗauke ƙasa tana da sauran danshi, shi ne daidai. In ka bari sai Maris, a rairayi bangon ramin zai riƙa zubewa, a ƙasa mai danƙo kuma sai da diga. Wanda yake fadama ya ƙara kula, don laka tana kumbura da damina ta tsage da rani, tana tura katako gaba da baya, shi sai ya ƙara tsakuwa ya kuma matso da turaku kusa da juna.

Turaku a bayan katako, ta waje, duk ƙafa uku zuwa huɗu, da kowace mahaɗa. Na gefen gangare su ne masu ɗaukar nauyi, su shiga ƙasa aƙalla ƙafa ɗaya da rabi. In ka samu guntayen rodi mai kaurin milimita 12, ka huda katakon ka buga ta ciki, ya fi.

Kafinta:
Ƙari kan rodi: huda tukuna da injin huda. Azara in ka buga mata ƙusa kai tsaye tsagewa take yi, kuma tsirgunta yana shiga hannu da zafi. Ɗaurin waya ma yana yi.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Abin da Malam Magini ya ce game da tsakuwa, shi ne sirrin layin dogo gaba ɗaya. Duwatsun da kuke gani a ƙarƙashin layi aikinsu su raba nauyi su kuma tsane ruwa. Duk inda ƙasa ta cike tsakanin duwatsun, nan layi yake fara lotsawa, nan ake tura lebura da cokali mai yatsu su tone su tankaɗe. Saboda haka tsakuwar da za ka zuba ka tankaɗe ta, kada ka zuba da ƙurarta.

Malamin Gona:
Saura gara, kuma yawancin yaƙinta a wajen gyaran ƙasa ake yinsa. Yayin haƙa, duk kututture da matacciyar saiwa da guntun kara da ka ci karo da su ka fitar, su ne abincin da ke kiranta. Ka zagaya bayan katanga ka duba ko akwai suri kusa. Takin da za ka zuba ya zama ya ruɓe sosai, don ɗanyen kashin shanu mai haɗe da kara gayyata ce. Toka da dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya a cikin rami suna taimakawa, amma ƙarfinsu ba ya daɗewa, sai ana sabuntawa. Abin da ya fi su duka shi ne ido: ka bar fuskar katakon ta waje a buɗe, da ɗan layin tsakuwa a gindinta, kada a jingina kara ko itacen girki a jiki. Duk sati a duba, in an ga ta fara ɗora hanyarta ta ƙasa a kankare.

Kuma tunda za ka tone wurin, ka bi saiwar ƙiri-ƙiri da 'ya'yan aya-aya ka tsince da hannu. In ka sassare su da fartanya ka bari, kowane guntu sabuwar ciyawa ce, kuma in suka shige ƙarƙashin katako ba ka da yadda za ka yi da su.

Ɗan Auta:
Malam, maganin gara na kanti fa, wanda ake zubawa a ramin gini?

Malamin Gona:
Na gini daban, na gona daban. Wanda ake zubawa a harsashin gida an yi shi ne ya daɗe a ƙasa, bai dace da inda ake tsinkar ganye kullum ba.

Baban Sadiya:
'Yan uwa, na dawo da labari bayan kwana tara. Na fara da magudana kamar yadda Malam Magini ya ce. Da muka gwada da tiyo, saukar filin ta kusa kamu biyu, ni da nake ganin bai fi ɗaya ba, don haka hawa uku na yi. A ramin hawa na biyu shebur ya daki wani abu, da muka tona sai ga kututturen tsohuwar bishiyar lemo da mahaifinmu ya sare tun ina yaro. Na sa hannu na ɓare shi, cikinsa fanko, gara fara fat tana zuba kamar tsaki. Daidai inda zan kwantar da katako ke nan. Mun bi saiwoyin har uku mun ciro, muka ƙone, kaji suka samu rabonsu.

Azara na samu goma sha ɗaya a wajen wani maƙwabci da ya sauke soronsa, na babbake, ban shafa mai ba. Na daɓe rami, burji baro shida ya shiga. Hawa biyu sun zauna. Tsohuwa ta fito ta zauna a bakin na farko ta miƙa hannu ta ga ya kai tsakiya, ta ce a gaishe da Inna ta Kura. Ta riga ta yafa irin salak a ciki.

Matsalar da ta rage, azarar hawa na uku guda biyu sun ɗan lanƙwashe, akwai tazarar da hannu zai shiga tsakaninsu. In cike da laka ne, ko in nemi wasu?

Kafinta:
Kada ka sa laka, hanya ce za ka gina wa gara da hannunka. Juya ɗaya kai da gindi ka gani, sau da yawa lanƙwasar takan haɗu. In ta ƙi, sassaƙe inda ya yi tozo da gizago, ledar ciki za ta tare sauran. Turo hoton mahaɗar in gani kafin ka ɗaure.